DARASI: TSARIN RAYA GARI, SHAWARAR KOWA DA KOWA

Cadawa tana bakin babbar hanyar kwalta mai zuwa Damagaram daga Maraɗi. Daga nan kuma hanyar Mayayi ta rabu. Gari yana girma. Gonar da aka shuka hatsi jiya, yau an aza mata tubali. Haka abin yake a Agye da Gazawa da Gidan Runji.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun wuce miliyan 17. A lokacin, jihar Maraɗi ita kaɗai tana da wajen miliyan 3 da dubu 400. Ƙidayar ta nuna jama'a na ƙaruwa da kusan 4 cikin 100 kowace shekara. In aka tafi haka, cikin shekara 18 mutane sun ninka. Amma ƙasa ba ta ninkawa. Rijiya ba ta ninkawa. Don haka dole gari ya yi tsari tun da wuri.

MINE NE TSARIN RAYA KOMIN?

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen majalisun komin a duk faɗin Nijar. Gundumar Agye tana da komin 2: Agye da Cadawa. Gazawa ta zama gunduma a 2011, tana da Gazawa da Gangara. Gundumar Gidan Runji tana da 5: Gidan Runji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa.

An ɗora wa kowace komin rubuta tsarinta na raya ƙasa. Ma'aikata suna ce mishi PDC. Galibi na shekara 5 ne. A cikinshi ake rubuta inda za a gina lakkol da likita, inda za a haƙa rijiya, da hanyar da za a gyara. Daga cikinshi ake ciro aikin kowace shekara. Masu kawo taimako ma shi suke fara dubawa. Abin da bai shiga tsari ba, da wuya ya samu kuɗi.

Kafin a rubuta, ana zagaya garuruwa a tambayi mutane matsalolinsu. Daga baya a tara su, a jera wadda ta fi gaggawa, a karanta wa jama'a, sannan hukumar komin ta amince. A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rushe majalisun da aka zaɓa a 2020, ta naɗa kantomomi su riƙe komin. Shugabanci yana sakewa, amma buƙatar tambayar jama'a tana nan.

SU WA AKE MANTAWA?

In an yi shela za a yi taro, su wa ke zuwa? Mai gari, liman, masu unguwanni, manyan ƴan kasuwa da magidanta. Zuwansu yana da kyau. Amma ba su kaɗai ke cikin gari ba.

Mata suna gida, ko bakin rijiya, ko wajen ice. Alhali su suka san nisan ruwa, su ke ɗaukar yaro mai zazzaɓi zuwa likita. A kudancin Maraɗi gonaki sun matse, har mata da yawa sun rasa gamanar da aka saba ba su.

Makiyaya, Fulani da Buzaye, suna ruga. Shela ba ta kai musu. Wani lokaci sun tafi da bisashe arewa. Sai sun komo su tarar an nome burtali.

Samari suna ci-rani, a Kano ko Agadas ko Libiya. Waɗanda ke nan ba su magana gaban iyayensu.

Naƙasassu ba su iya doguwar tafiya zuwa wurin taro. Kurma ba ya jin abin da aka ce.

Akwai kuma baƙi. A 2019 dubban mutane sun gudo daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga. Da yawa sun sauka gundumar Gidan Runji. An zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka. Rijiya ɗaya suke sha da ƴan gari.

Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo. In ba a tambaye shi ba, sai a yaɓe inda ba ya zuba.

ABIN DA RASHIN SHAWARA KE JAWOWA

Ƙaramar ɓarna ita ce asarar kuɗi. A gina rumfunan kasuwa inda masu talla ba su zama. A kafa famfo nesa da unguwar da ta fi buƙata.

Babbar ɓarna ita ce asarar rai. A watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya tashi a Toda, cikin jihar Maraɗi. Mutum fiye da 100 suka mutu, yawancinsu mata da yara na Fulani. Har yau ba a manta ba.

A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara. Ita ta kawo kwamitin ƙasa, wanda ake kira Kofo. Akwai na gari, na komin, da na gunduma. An tanadi kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata da ta samari. Kofo ke shata burtali da mashaya, shi ke shaidar takardar gona. Amma kujera ba ta magana. Sai mai ita ya zo ya buɗe baki.

MISALIN ƊAN SAGA

Ɗan Saga gari ne cikin gundumar Agye. Bayan farin 1984 itatuwa sun yi ƙaranci, iska na binne shuka da rairayi. Manoma suka kama sassaben zamani: in kututture ya tofo, ba a sare shi duka, a bar rassa masu ƙarfi su girma. Sabara da kalgo da gawo suka fara komowa.

Sai ɓarayin ice suka shigo. Mai gona shi kaɗai bai iya tsaro ba. Da taimakon aikin raya karkara na Agye, wanda asusun FIDA ya ba kuɗi, aka kafa kwamitin tsaro. Ba a bar shi ga magidanta kaɗai ba. An sa mata, don su ke neman icen girki. An sa makiyaya, don bisashensu ke cin ganye. Aka yi doka tare, aka yanka tara tare. Wanda aka yi doka da shi, shi ke tsaron ta. Daga baya garin ya buɗe kasuwar ice. Baƙi daga ƙasashe da yawa sun zo ganin aikin.

Ba nan kaɗai ba. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991. Can mata suka koyi taro da lissafi da magana gaban jama'a. A Burazil, birnin Porto Alegre ya fara a 1989 tara mutanen unguwanni su zaɓi aikin da za a yi da kuɗin gari.

DABARU 6 DON KOWA YA SA BAKI

1. A yi shela tun da sauran kwanaki: a masallaci, a kasuwa, a rediyon karkara. A aika manzo ruga.
2. A zaɓi lokaci. Ban da ranar kasuwa, ban da tsakiyar noma, ban da lokacin girki.
3. A fara da taro daban-daban: mata, samari, makiyaya. Sannan a haɗu, kowane rukuni ya faɗi nashi.
4. A yi magana da Hausa. In akwai mai jin Fulatanci ko Buzanci kaɗai, a nemo tafinta.
5. A zana taswirar gari a ƙasa. Wanda bai iya karatu ba yana iya nuna rijiya da burtali da kwari.
6. A rubuta abin da aka ce, a karanta da ƙarfi, mai gari ya ajiye takarda ɗaya. Bayan shekara a komo a duba abin da aka cika.

Nan ne aikin wanda ya yi yaƙi da jahilci yake. Shi ke rubuta wa ƴan uwanshi buƙatunsu. Ita ke karanta wa matan unguwa abin da aka sa cikin tsari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI

1. Shekara nawa tsarin raya komin yake yi?
2. Su wa aka sa cikin kwamitin Ɗan Saga? Don mi?
3. A taron gari na ƙarshe, su wa ba su zo ba? Mi ya hana su?

LISSAFI

Dokar 2000 ta ce kada mata ko maza su kasa 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. A 2014 aka kai 15. A 2019 aka kai 25. In majalisa tana da kujera 20, nawa ne 25 cikin 100?

AIKI

Kowane ɗalibi ya je wajen mutum ɗaya da ba ya zuwa taro. Ya tambaye shi buƙatu 3. Ya rubuta su, ya kawo aji.