Guguwar da Jirgin Sama Kan Bari a Bayansa

Duk ɗan acaɓan da ya saba bin babban titin Kubwa zuwa mahaɗar Dutse Alhaji ya san iskar tirela. Tana wucewa a guje sai babur ya yi tangal-tangal, riga ta kumbura, mutum ya damƙe kan mashin da ƙarfi. To, jirgin sama ma yana da tasa iskar, wadda ta fi ta tirela nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake. Iskar da ke ƙarƙashin fiffike ta fi ta samansa matsi, shi ne ma abin da ke ɗaga jirgi. A bakin kowane fiffike sai ta ƙasan ta kewayo sama ta murɗe, a sami guguwa biyu a kwance suna juyawa kamar igiyar da ake tufkawa. Galibi ido ba ya ganinsu. Suna somawa ne da zarar hancin jirgi ya bar ƙasa, kuma sun fi tsanani idan jirgin mai nauyi ne bai gama ɗaukar gudu ba. Ƙaramin jirgin da ya faɗa cikinsu zai iya mirginawa gefe tun yana dab da ƙasa, inda babu sararin gyara.

Ranar 12 ga Nuwamba 2001, wani jirgin American Airlines ƙirar Airbus A300 ya tashi daga birnin New York a bayan wani Boeing 747 na ƙasar Japan, ya shiga guguwarsa. Mataimakin matuƙi ya yi ta taka abin karkata jela dama da hagu da ƙarfi, har jelar ta ɓalle. Mutum 260 da ke ciki suka rasu, da biyar a ƙasa. Masu bincike sun gano cewa guguwar ita kaɗai ba ta isa ta kayar da jirgin ba, yawan takawar ne ya jawo.

Saboda haɗarin irin wannan guguwa ne ƙa'idar duniya ta ce jirgin da nauyinsa ya kai tan 136 babba ne, kuma matsakaici ko ƙaramin da zai bi bayansa sai ya dakata aƙalla minti biyu, ko uku idan daga tsakiyar titi zai ɗauko gudu. A Najeriya ma'aikatan hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA da ke hasumiya ne ke ƙirga wannan lokaci.

Filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya daɗe da titi ɗaya tak, shi ya sa da aka rufe shi mako shida a 2017 don gyara sai da aka karkatar da jirage Kaduna. Kowa a layi guda yake: jirgin alhazai maƙare da kaya, da na Kano, da ɗan ƙaramin jirgin haya. Kada kuma a haɗa wannan guguwa da hatsarin da jirgin ADC ya yi bayan tashi daga wannan fili ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansa. Wancan iskar hadari ce ta juya farat ɗaya, ba ta wani jirgi ba.

Don haka fasinjan da ya yi sammako daga Dutse Alhaji, ya sha cunkoson hanya, sannan ya ga jirginsu ya tsaya cak a bakin titi bayan wani ƙato ya tashi, kada ya yi tsaki. Ya ɗaure bel ɗinsa tamau, ya bar matuƙi ya cika mintocinsa.