Darasin kiwon lafiya: ciwon da ke ɓoye can bayan ido

Jama'a sun san ciwon ido iri-iri. Sun san amodari, mai juya gashin ido ciki. Sun san yanar ido, mai sa tsakiyar ido ta yi fari. Waɗannan kowa na ganinsu daga waje. Amma akwai wani ciwo can cikin ido, daga baya. Ido ba shi ja, ba shi ƙaiƙayi, ba shi zafi. Wanda ya dube shi sai shi ce lafiya lau, alhali gani na tafiya. Darasin yau a kan wannan ciwo ne, da yadda likita ke gano shi, da aikin da ake yi mashi.

Tantanin gani

Ido kamar ɗan ƙaramin rumbu ne mai ƙofa guda. Faɗinshi bai kai santimita 2 da rabi ba. Ƙofar ita ce baƙin ɗigon da ke tsakiya, ta nan haske ke shiga. Cikin rumbun cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Bangon ciki kuma shafe yake da wani tantani, kamar yaɓe. Kaurinshi bai kai rabin milimita ba. Likitoci na ce mashi "retin". A nan za a ce mashi tantanin gani.

Tantanin nan shi ke karɓar haske, shi aika da labari ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sannan mutum shi gani. A tsakiyarshi akwai wani ɗan wuri mai daraja ƙwarai. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare cikin allura, da shi ake gane fuskar baƙo. Yanar ido ana cire ta a sa wani ɗan madubi a wurinta. Tantanin gani kuwa, in ya mutu, babu na sayarwa.

Misali

Ga misali. Wani manomi shina ɗaure buhu a kan amalanke, sai igiyar roba ta tsinke ta buge shi a ido. Ido ya kumbura kwana biyu ya sabe. Bayan wata guda ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ba hadari ba ruwa. Sannan ya riƙa ganin baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo gabanshi. Wata safiya ya ga duhu ya taso daga gefe guda kamar an ja labule.

Ya ce ma ɗanshi: "Bari a gama girbi tukuna, tun da ba shi yi mani zafi."

Ɗan ya ce: "Baba, ka yi haƙuri. Hatsi na iya jiran mako guda, akwai masu kama mana. Ido bai jira."

Gaskiyar yaron ce. Abin da ya faru shi ne, tantanin ya tsage. Ruwan cikin ido ya bi ta tsagar ya shiga bayanshi, ya fara ɓamɓare shi daga bango, yadda ruwan sama ke shiga bayan yaɓe shi kwaɓe shi. Tantanin da ya rabu da bango ba shi samun abinci, kamar dashen da aka tumɓuke. Kullum ɓamɓarewar na ƙaruwa. In ta kai tsakiya, ko an yi aiki gani ba shi cika komawa yadda yake.

Su wa ya kamata su fi kula?

Na ɗaya, wanda ya taɓa bugewa a ido, da wanda ba shi ganin nesa tun ƙuruciya sai da tabarau masu kauri, da wanda aka yi ma aikin yana. Haka wanda ya bari masu yawo kasuwa-kasuwa suka soke mashi ido don su kwantar da yana. Wannan suka tana ɓata ido ƙwarai.

Na biyu, mai ciwon sukari. Sukari in ya daɗe shina cin ƙananan jijiyoyin jini na tantanin. Sai su riƙa yoyo, tsakiyar tantanin ta kumbura. Daga baya wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini shi cika ido. Ana iya shekaru ciwon na ci, mutum bai sani ba. Hawan jini na ƙara mashi ƙarfi.

Na uku, mai amosanin jini, wato sikila. Jininshi na toshe ƙananan jijiyoyin gefen tantanin.

Yadda likita ke leƙa bayan ido

Da can babu mai iya ganin bayan idon mutum mai rai. A shekarar 1851 wani masani na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya bayyana wani madubi mai jefa haske cikin ido. Daga nan likitoci suka fara ganin tantanin.

Yau likita na fara ɗiga magani. Bayan minti 20 ko 30 ƙofar ido ta buɗe sosai. Sai shi haska fitila shi duba. Ba zafi. Gani na yin hazo na ƴan awoyi, sannan shi washe. Don haka a zo da ɗan rakiya, kada a tuƙa babur.

Akwai kuma injuna masu ɗaukar hoto. Wani na ɗaukar hoton tantanin, a ajiye, baɗi a gwada da sabo. Wani kuma sai an yi allurar wani ruwan ɗorawa a jijiyar hannu. Ruwan na bin jini har ido, hoto shi nuna inda ke yoyo da inda ya toshe. An san wannan dabara tun 1961. Fitsari na yin ɗorawa kwana guda, kada a tsorata. A 1991 masana a Amurka suka fito da wani inji da ake kira OCT. Shina nuna tantanin hawa-hawa, kamar an yanka albasa, ba tare da an taɓa ido ba. In jini ko yana sun tare hanya, sai a yi "eko", irin wanda ake yi ma mata masu ciki.

Aikin da ake yi

Shekaru ɗari da suka wuce, wanda tantaninshi ya ɓamɓare kusan ya makance ke nan. Wani likitan ƙasar Suwis, Jules Gonin, shi ya gane cewa tsagar ita ce tushen ciwon: a toshe ta, tantanin shi koma. A 1929 likitocin duniya suka yarda da maganarshi.

Wani likitan Jamus, Meyer-Schwickerath, ya ga mutanen da rana ta ƙone ma bayan ido saboda kallon husufi. Ya lura ƙunar na barin tabo mai manne tantanin da bango. A 1949, a birnin Hambur, ya tara hasken rana da madubai ya yi ma majinyaci magani da shi. Yau ana amfani da wani haske mai ƙarfi da ake kira "lazer". Nan ma akwai darasi: kada kowa shi kalli rana da ido, ko ranar husufi.

Ga hanyoyin aiki:

1. In tsaga ce kawai, likita na kewaye ta da lazer, kamar mai walda. Majinyaci na zaune, ba a yanka, ran nan shi koma gida. Da lazer kuma ake tsai da miyagun jijiyoyin ciwon sukari.

2. In tsakiyar tantanin ta kumbura, ana yin allura cikin ido bayan an kashe zafin wurin. Sau da yawa sai an maimaita ta wata-wata.

3. In tantanin ya ɓamɓare, ana iya ɗinka wata ɗamara ta roba mai taushi a bayan ido daga waje. Tana tura bango shi haɗu da tantanin. Ba a ganinta, kuma yawanci ba a cire ta.

4. Ko kuma a huda ƴan ƙananan ƙofofi uku a farin ido, a zuƙe ruwan nan mai kauri da jinin da ke ciki, a shimfiɗa tantanin, a yi mashi walda. Likita Robert Machemer ya fara wannan aiki a Amurka a 1970. Daga nan a cika ido da iska ta musamman ko wani mai, don su danne tantanin har shi kama.

Ba a fitar da ido waje a mai da shi, yadda wasu ke faɗi. Shina wurinshi ake aikin.

Cikin ido 10 da aka yi ma aiki, wajen 9 tantanin na komawa wurinshi, wasu sai an sake aiki. Amma yawan ganin da za a samu ya danganta da saurin zuwa.

Bayan aiki

Wanda aka sa ma iska, likita na iya ce mashi shi riƙa kifa kai ƙasa na wasu kwanaki. Iskar na ɓacewa da kanta cikin makonni. Kafin ta ɓace an hana shi shiga jirgin sama, ko da zuwa hajji ne. Mai kuwa sai an sake ɗan aiki a cire shi bayan watanni. A ɗiga magani kan lokaci, a guji ƙura da ɗaukar kaya, a koma ranar da aka ce.

Abin da za a riƙe

Walƙiya a ido, ƙudaje da yawa farat ɗaya, ko labulen duhu: a tafi gidan likita ran nan, a karɓi takarda zuwa sashen ido na babban asibiti, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Ba ko'ina ake aikin tantani ba. Likitan ido shi zai faɗi inda za a je, shi ya sa ba a ɓata kwanaki a gida. Kwalli da tsimi ba su kai bayan ido.

Mai ciwon sukari shi kai ido a duba sau ɗaya kowace shekara, ko shina gani garau. Mai amosanin jini shi ma shi riƙa kaiwa.

Kowane mako a rufe ido guda da tafin hannu, a dubi ƙofar ɗaki ko rubutun jaridar nan, sannan a rufe ɗayan. Ido mai lafiya na ɓoye laifin ɗan'uwanshi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Mene ne aikin tantanin gani?
Waɗanne alamu uku ne ba a jira da su?
Don me mai ciwon sukari zai je duba ido alhali shina gani?
In wani ya kamu a garinku lokacin girbi, wa zai kama mashi aikin gona, kuma ta yaya za a haɗa kuɗin mota?