Abuja Biyu Ce

A hutun damina na je taron malamai a Abuja. Na hau jirgin ƙasa a Rigasa ta Kaduna, na sauka Idu. Da aka tashi taro na zaga Garki da kasuwar Wuse, ban ga ganuwa ba ko kaɗan.

To, ku lura, 'yan'uwa, kada ku rikita yara a aji. Abujar littafin tarihi, wadda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, ita ce Suleja ta yau, kusa da Dutsen Zuma. Sunanta aka ɗauka aka ba sabon birnin da gwamnati ta koma a 1991. A tsohuwar kuwa Ladi Kwali ta shahara da ginin tukwane, watau matar da ke jikin naira 20.