Ƙauri a Cikin Mota da Abin da Ya Wajaba ga Direba

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, babu wadda direbobinmu suka yi wa riƙon sakainar kashi kamar hanci, alhali kuwa sau da yawa, tun kafin allurar zafi ta motsa, tun kafin hayaƙi ya bayyana ga ido, shi hanci ya riga ya kawo labari. Galibinmu in muka ji ƙauri sai mu ce bola ake ƙonawa a bakin hanya, ko kuwa motar gaba ce, mu ƙara taka totur da sunan tawakkali. To, malamai sun bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, rayukan fasinja kuwa amana ce a wuyan wanda ya riƙe sitiyari.

Farkon abin da ya wajaba shi ne mutum ya gangara gefen titi, ya kashe inji, ya sauke mutane, sa'an nan ya natsu ya tantance irin ƙaurin, domin ƙauri iri-iri ne, kowanne da mafarinsa.

Wanda ya fi yawa a hanyoyinmu shi ne na birki. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san wannan wari mai kaifi, mai shiga maƙogwaro, wanda ke tashi sa'ad da direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman dutse bai ɗaga ba. Illar abin ba ta tsaya ga cinyewar birki ba, domin in zafi ya tsananta man birki yakan tafasa, sai a taka a ji ƙafa ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta tsaya ba. Maganinsa a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe nauyin motar. Idan kuwa a shimfiɗaɗɗiyar hanya aka ji shi, a duba hambirki, watakila an manta shi a sama. In ba shi ba ne, a kusantar da hannu ga kowace ƙafar mota ba tare da taɓawa ba, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce birkinta ya cije. Kada a watsa mata ruwan sanyi kamar yadda wasu yaran mota ke yi, don ƙarfen yakan karkace.

Ƙaurin kuloci ɗan'uwan na birki ne, sai dai shi yakan zo a cunkoso ko a hawa da lodi, musamman ga mai jingina ƙafarsa a kan kuloci yana tafiya, kuma alamarsa inji ya yi ta kuka mota ba ta ja. Baƙin mai da ke ɗiga a kan salansa mai zafi yakan ba da wari mai nauyi da hayaƙi shuɗi-shuɗi, fanbel in ya saki yakan yi ƙaurin roba tare da ƙara kamar fito, wani lokaci kuma ba kome ba ne illa leda da ta manne wa salansa tana narkewa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai sau da yawa daga batir yake, in caji ya yi masa yawa.

Amma wanda ni a ganina ya fi cancanta a ji tsoronsa shi ne ƙaurin waya, wato warin narkakkiyar roba da ke fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, domin shi ne manzon gobara. Masu ƙera mota sun sanya fis da hikima, don ya yanke da kansa in wuta ta fi ƙima, ya fanshi sauran wayoyi. Sai ga shi wani, saboda ƙyashin kuɗi ƙalilan, ya cire wanda ya mutu ya cusa guntuwar waya ko takardar kwalin taba a madadinsa, ya mai da mai gadi ɓarawo. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne kacal, amma in wayoyi suka haɗu ya isa ya mai da su jajur cikin ƙiftawar ido. Wanda ya ji wannan ƙauri ya cire kan batir, ya fara da baƙar waya, kada ya sake tayar da motar sai rewaya ya duba ta.

In har wuta ta riga ta kama, kada a wangale bonet, gama iska abincinta ce, kada kuma a zuba ruwa a kan fetur. A yi amfani da tukunyar kashe gobara ta ɗan tsagin bonet da aka buɗe, ko a watsa rairayi. Haka nan ba a kwance murfin lagireto yana da zafi, don zafin ruwan ciki yakan wuce digiri 100.

Muna roƙon shugabannin tasha da masu motocin haya su tabbatar kowace mota tana ɗauke da wannan tukunya da 'yan fis na ajiya kafin a yi mata lodi.