Me Ya Sa Waya Ba Ta Jin Yatsan Baba?

Tambaya: Mahaifina manomi ne. Na saya masa babbar waya irin ta shafawa, amma sai ya danna ya sake dannawa kafin ta amsa, ni kuwa da na taɓa shi ke nan. In kuma hannuna da ruwa, sai ta riƙa buɗe abin da ban sa ta ba. Ko jabu aka sayar mini? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Kwantar da hankalinki, da wuya a ce jabu ce. Abin da za ki fara fahimtar da Baba shi ne, gilashin nan ba ƙarfin dannawa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka masu ɗaukar lantarki, an gitta su tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, ido ba ya ganinsu. Jikin ɗan Adam shi ma yana ɗaukar lantarki, saboda haka da yatsa ya sauka sai ya ɗan janye cajin da ke mahaɗar layukan, waya ta lissafa inda abin ya faru. To, fatar da ƙotar fartanya ta sa ta yi kanta, ga bushewar hunturu a kai, takan shiga tsakani har alamar ta raunana. Ruwa kuwa akasin haka yake yi. Yana ɗaukar lantarki, don haka ɗigo ɗaya kan gilashi sai waya ta ɗauka wani yatsa ne.

Dabarar ta girmi wayar salula. Wani injiniya, E.A. Johnson, ya bayyana ta a 1965 a garin Malvern na Ingila, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Sai dai yawancin wayoyin taɓawa na farko wata hanyar suka bi: shimfiɗa biyu ce da sai an matsa su sun haɗu, shi ya sa ko da tsinke ake latsa su. Da irinsu Baba ya samu, da ba ki aiko da tambaya ba! Illarsu ita ce galibi taɓawa ɗaya suke ganewa a lokaci guda.

Buɗe hoto da yatsu biyu da muke yi yau bincike ne ya haife shi. Jami'ar Toronto ta gwada allo mai jin yatsu da yawa tun 1982. Daga baya Wayne Westerman, ɗalibi a Jami'ar Delaware da ciwon hannu ya dame shi wajen buga rubutu, ya kafa kamfanin FingerWorks tare da malaminsa John Elias a 1998. Apple ya saye kamfanin a 2005, iPhone ta fito a 2007. A ganina dai, har yanzu masu ƙera wayoyi hannun ɗan ofis suka fi tunawa, ba na manomi ko makaniki ba.

Yanzu ga abin yi. Baba ya riƙa taɓawa da cikin yatsa mai tsoka, ba da baki ko farce ba, ya kuma ɗan shafa mai ya goge kafin ya ɗauki wayar. In gilashin kariyar da aka manna mata mai kauri ne, a sauya shi. Wasu wayoyin, irin su Samsung, suna da wurin ƙara ƙarfin jin taɓawa a cikin saiti. In duk an yi haka bai gamsu ba, ki saya masa alƙalamin waya mai kan roba a wajen masu sayar da caja. Ki gaishe mana da shi.