Darasi na 14: Ƙiba da Ƙarfin Zuciyar Yaro

A da, idan yaro ya yi ƙiba, mutane sukan ɗauka alamar lafiya ce da wadata. Yanzu likitoci sun gano ba kullum haka abin yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, yara da matasa miliyan 160 masu shekara 5 zuwa 19 suna fama da ƙibar da ta wuce kima.

Mu ɗauki misalin Lugbe, unguwar da ke kan hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja. Saboda babban titin yana da haɗari, iyaye da yawa suna kai 'ya'yansu makaranta a mota. Idan yaran sun dawo, sai su zauna a gida suna kallon talabijin ko latsa waya, ga biskit da lemon kwalba a hannu. Abinci yana shiga, amma jiki ba ya ƙona shi, sai ya zama kitse.

Zuciya tsoka ce, aikinta harba jini zuwa sassan jiki. Idan nauyi ya yi yawa, aikinta yana ƙaruwa. Shi ya sa yaro mai ƙiba yakan yi saurin haki idan ya yi gudu. Idan abokansa suka yi masa dariya, sai ya daina wasa. Rashin wasan kuma ya ƙara masa ƙiba. Idan aka bar abin haka, yana iya kamuwa da hawan jini ko ciwon sukari nan gaba.

Sai dai rama ba ita ce lafiya ba. Siririn yaron da ba ya motsa jiki, shi ma zuciyarsa ba ta samun horo. Mai ƙiba kuwa, idan ya dage da wasa, zuciyarsa za ta ƙara ƙarfi tun kafin nauyinsa ya ragu. Hukumar ta ba da shawarar yara su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 kowace rana. Ƙwallon ƙafa, langa da tsallen igiya duk sun isa. Hausawa na cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ma'anar Kalmomi
- haki: numfashi da sauri saboda gajiya
- kitse: maiƙon da ke taruwa a jiki
- rama: rashin nama a jiki

Tambayoyi
1. Me ya sa yaro mai ƙiba yake saurin haki?
2. Ta yaya dariyar abokai take ƙara masa ƙiba?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe darasin.

Aiki
Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugun jininka na minti 1. Yi tsalle sau 30, ka sake ƙirgawa. Rubuta jimla uku a kan bambancin da ka gani.