DARASI: HAKKIN MATALAUCI A CIKIN DUKIYAR MAWADACI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, Sallallahu Alaihi Wasallam.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya albarkaci jiharmu ta Diffa da arziki iri-iri: ga tattasai da shinkafa a bakin kogin Komadugu, ga kifin tafkin Cadi, ga man fetur na Agadem da aka soma haƙowa a shekarar 2011. To amma mu tambayi kanmu, hannu nawa wannan arziki yake shiga?

Ƙaramin manomi yakan ci bashin taki da man injin ban ruwa a wurin ɗan kasuwa, da sharaɗin zai biya da buhunan tattasai lokacin girbi, sa'ad da farashi ya faɗi. Mai kuɗi ya ɓoye kayan har su yi tsada, manomi ya koma gida da bashi. Tun bayan harin da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, da dokar ta-ɓaci da ta tsayar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci, ratar ta ƙara faɗi. Mai jari ya sauya sana'a, marar jari ya zama ɗan gudun hijira a bakin hanya.

Wannan rata takan bi yaranmu har cikin aji. Wani ya zo da littafinsa da ƙoshinsa, wani ya zo bai karya kumallo ba. Da tsinkar tattasai ta zo, sai a cire ɗan talaka a kai shi gona, 'yarsa kuma a ɗora mata talla. Yaron da ya bar karatu, ya tashi yana ganin an fifita wasu a kansa, shi ne masu ɓarna suka fi saurin ruɗa.

Musulunci bai bar mu haka ba. Aya ta 7 a Suratul Hashri ta hana dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, aya ta 60 a Suratut Tauba kuwa ta sanya fakirai, miskinai da waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka.

A mazhabar Malikiyya, shinkafa da gero idan suka kai wusƙi 5, ana fitar da ɗaya cikin 10, ko ɗaya cikin 20 idan da inji aka shayar. Tattasai ba a fitar masa da zakkar amfanin gona, amma kuɗinsa idan ya kai nisabi, shekara ta kewayo, ɗaya cikin 40 ya wajaba. Kada wani ya fake da cewa tattasai ba shi da zakka.

Saboda haka muna kira ga mawadatanmu su fitar da hakkin Allah, su jinkirta wa manomin da ya gaza biya, kowa kuma ya ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya a unguwarsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.